Buhun Taki a Zaure

Akwai wani mai lambu a bakin rafi, wanda ya yi alkawari a gaban ikilisiya cewa ranar godiyar girbi zai kawo alayyafon da bai taɓa ganin takin zamani ba. Sai ya tafi birni ya sayo buhun garin ciyawar teku, wadda ake tsamowa daga ruwan gishiri a shanya a niƙa. Mai sayarwa ya ce masa, "Malam, wannan taki ba ya gaggawa. Ka cuɗa shi da ƙasa tun kafin ka yi shuka."

To, buhun nan kyakkyawa ne, har da hoton teku a jikinsa. Mutumin ya jingina shi a zaure. Duk baƙon da ya shigo, kafin a ba shi ruwan sha sai an nuna masa buhu. Matarsa ta ce, "Maigida, yaushe za a kai shi lambu?" Ya ce, "Bari dai mutane su gama gani."

Haka ya yi shuka ba taki. Alayyafo ya fito a tsamure, ganyen ya yi rawaya. Da ranar ta matso, hankalinsa ya tashi, ya farke buhun ya zazzage shi duka a kan ganye. Lambu ya ɗauki ƙarni kamar rumfar masu kifi, ƙudaje suka sami wurin zama, alayyafo kuwa yana nan yadda yake.

Ranar godiya ta zo, wannan da dawa, wancan da doya, shi kuwa hannu wofi. Wata tsohuwa ta waiwayo, ba da mugun nufi ba, ta ce, "Ɗana, ina alayyafon namu?" Kunya ta rufe shi, ya kasa ɗaga kai har aka tashi.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Takin shi ne Maganar Allah, lambun kuwa zuciyarka ce. Da yawanmu muna da Littafi Mai Tsarki mai kyan bango a kan tebur, kowa yana gani. Sai wahala ta ƙwanƙwasa ƙofa mu tashi a gigice muna zazzage ayoyi, muna so su yi aikin shekara a yini guda. Wannan abin kunya ne.

Idan ka koma gida yau, tambayi iyalinka ko sun taɓa ɗanɗana abin da ke cikin littafin nan a halinka. In suka yi shiru, kada ka yi fushi. Ɗauki fartanya.