Jatau da Baƙin da ke Cikin Ƙwarya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Baba.

Wani mutum ne, sunansa Jatau, a wani ƙauye can bayan Gumel. Ko bayan Gaya ne? Na yi yawo da yawa, sun haɗe mini. To, Jatau ya cinna wa ciyawa wuta don ya kama gafiya, sai wutar ta tsallaka gonar yayarsa Tabawa. Kwana biyu tana ci, har ƙasa ta yi baƙi kamar gindin tukunya.

Da ruwa ya sauka, Tabawa ta shuka wake. Ya fito rawaya, ya kwanta. Irin da ya rage mata tafi uku ne kacal.

Ta ce, "Ƙanena, kai ka ci nama, ni ka bar ni da toka. In irin nan ya ƙare, a gidanka zan tare."

Sai Jatau ya tafi gonar ya zauna ya yi tagumi. Sai ga Buzuzu yana mirgina kayansa.

Buzuzu ya ce, "Malam, gonar nan kango ce. Akwai ƙananan halittu a cikin ƙasa, ido ba ya ganinsu, su ke ciyar da saiwa. Malaman gona na ce musu bakteriya. Ka ƙone su. Je gonar da wake ya yi kyau bara, ka roƙo ƙasa, ka cuɗa da iri."

Sai Jatau ya roƙo ƙasa. Ya ji ta da danshi, sai ya shanya ta a tabarma kamar gero, kada ta yi fumfuna. Ya cuɗa da tafi ɗaya, ya shuka. Wake ya fito, ya kwanta.

Buzuzu ya ce, "Kai in an shanya ka wuni guda, za ka yi noma?"

Sai ya sake roƙowa. Ya tuna yadda ake adana wake kada ƙwari su ci, sai ya kwaso toka mai zafi daga murhu ya gauraya, har da barkono. Ya shuka tafi na biyu. Ko fitowa bai yi ba.

Buzuzu ya ce, "Baƙi ne fa ka gayyato. Haka ake karɓar baƙo a gidanku?"

Tabawa tana gefe tana ji. Ta ce, "Ba ni ƙwaryar nan, kafin ka soya su da man gyaɗa."

Sai ta je da kanta da sanyin safiya. Ta ɗebo ƙasa daga gindin tsohon wake, ta yayyafa ruwa, ta rufe da ganye, ta ɗauko a hankali kamar mai kai wa surukai fura. A inuwa ta cuɗa da tafin ƙarshe, ta shuka nan take.

Sai wake ya fito kore shar, ya yi yaɗo ya rufe ƙunar. Tabawa ta tone gindi ɗaya, ga saiwa duk ƙulle-ƙulle.

Buzuzu ya ce, "Ɗakunansu ke nan. Sun zauna."

Jatau ya kai hannu zai tuge na biyu ya ƙirga ɗakunan. Tabawa ta make hannun.

Ta ce, "Bar mini baƙina. Kai dai shirya buhu."

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa rami. Ƙasa ma tana da mutanen gida, yara, ku riƙa tausaya musu.