Gwajin da Bai Taɓa Yin Ja Ba

Akwai wani mai rubuta manhajar intanet da 'yan ofishinsu ke kira Dogo, ko da yake tsawon nasa bai taka kara ya karya ba. Su shida ne a ɗaki guda, suna gina shafin da marasa lafiya za su riƙa duba sakamakon awon jininsu daga gida.

Manajansu ya kafa doka: ba a karɓar aikin kowa sai gwajin da na'ura ke yi ya bi ta kan kashi casa'in cikin ɗari na kod ɗinsa, wato layukan umarnin da ya rubuta wa kwamfuta. Har allo ya rataye a bango, mai nuna lambar da aka kai. In ya nuna kore ka wuce, in ya nuna ja ka koma kujerarka.

Shi kuwa Dogo gajiya ta gama cinye shi. Wata huɗu ke nan mahaifinsa yana kwance, shi ke juya shi, shi ke masa wanka kafin ya fito aiki. Manaja ya riga ya ja masa kunne sau biyu kan makara, ya ce na uku takardar sallama ce.

Ana haka sai ya gano cewa layukan da gwaji ya taka kawai na'urar take ƙirgawa, ba ruwanta da ko an duba amsar da ta fito. Sai ya shiga rubuta gwajin da zai kira kod ya wuce abinsa, bai tambayi komai ba. Kamar malami ne ya ba kowa maki bai buɗe takarda ba. Allo ya yi kore shar, Dogo ya riƙa tashi daga aiki da wuri.

Mai duba aikin kowa wata mata ce da ta girme su duka, suna ce mata Allura. Ɗabi'arta ɗaya ce ke ba su haushi: takan ɓata kod da gangan don ta ga ko gwaji zai yi ƙara.

Ana saura kwana uku a miƙa shafin, ta buɗe kod ɗin Dogo, ta goge layin da ke tabbatar da cewa sakamakon na wanda ya shiga shafin ne. Ta kunna gwaji. Kore. Ta goge wani, kore. Ta jawo kujera ta zauna kusa da Dogo.

"Ƙanina, na cire ƙofar gidan gaba ɗaya, maigadinka ko tari bai yi ba."

Dogo bai yi musu ba, ba shi da ƙarfin yi. "Yaya, wallahi na gaji ne. In kin kai ni gaba, ban san da me zan sayi maganin Baba ba."

"Ni ma na yi jinyar uwa shekara biyu, ba sai ka ba ni labari ba. Ba inda zan kai ka. Amma wannan abin ba zai fita da sa hannuna ba. Matso."

Ta mayar da layukan da ta goge, suka wuni a kai. Ta ce masa kowane gwaji tambaya ɗaya zai yi, kuma ya faɗi amsar da yake jira. Ta ce kafin ya yarda da kore, ya ɓata kod ɗin ya ga ja da idonsa. Ya gwada gurbin rubutu a shafin da aka bari ba a cike ba, da mai danna maɓalli sau biyu, da wanda bai da izinin shiga.

A gwaji na bakwai allo ya yi ja, alhali ba su ɓata komai ba. Ashe kod ɗin da rami: duk wanda ya canja lamba ɗaya a adireshin shafin, sakamakon wani ne zai buɗe masa, da sunansa da cutarsa. Dogo ya daɗe yana kallon allon, sannan suka toshe ramin.

Washegari a taro, lambar allon bango ta faɗo daga casa'in da biyu zuwa sittin da ɗaya, don an cire gwaje-gwajen bogin. Manaja ya harzuƙa. "Aikin wa ke nan?"

Allura ta buɗe baki, Dogo ya riga ta. "Nawa ne, yallaɓai. Wancan koren ƙarya ne, ni na shirya shi." Ya zayyana komai, har da ramin da suka toshe.

Manaja ya dubi sauran ya ce, "Akwai wani mai irin wannan gwajin a ɗakin nan?"

Ba wanda ya kalli wani. Sai hannu ɗaya ya tashi a hankali, na biyu ya biyo, sannan na uku.

Manaja ya cire tabarau ya murje idanu. "Ku sauke. Lamba na nema, lamba kuka ba ni." Ya ɗauki waya ya roƙi waɗanda suka ba su aikin ƙarin mako biyu, ya sha faɗa har kunnensa ya yi zafi. Da ya ajiye, ya dubi Dogo. "Daga gobe ka riƙa zuwa ƙarfe goma. Ka gaishe da Baba."

Darasi: Gwajin da ba ka taɓa ganin ya yi ja ba, kada ka amince da korensa. Kuma in ka kama ɗan'uwanka da kuskure, ka gyara aikin ba tare da ka karya mutumin ba. Ku tura wa abokan aikinku, wataƙila akwai mai ɓoye gajiyarsa a bayan allo mai kore.