Buhu Biyar a Rumbun Iri

Akwai wani mutum, manomi ne, a wani gari da ake da rumbun iri na kowa da kowa. Kakanni ne suka gina rumbun a bakin kasuwa, suka ce duk mai son shuka ya zo ya ɗiba, ba a sayarwa, ba a kuma hana baƙo. Wanda ya ɗiba ya shuka, in ya ga geronsa ya yi wani kirki da ya fi na da, yana iya kawowa a ƙara a kan na jama'a. Da haka irin garin ya yi ta gyaruwa shekara da shekaru, har ba mai iya nuna ƙwaya ɗaya ya ce tasa ce.

Mutum uku ne ke lura da rumbun, babbarsu wata tsohuwa, Gwaggo Lidiya. A jikin rumbun an kafe katako, an rubuta yadda ake kawo iri. Rubutun ya ce kafin ka fara aiki a kan iri ka zo ka faɗa, ko wani ya riga ka, ko akwai abin da ya kamata ka sani. In ka gama, ka kawo ƙoƙo ɗaya, ka faɗi gonar da ya fito da abin da ka sauya. Za a shuka shi a 'yar gonar gwaji da ke bayan rumbu, a zuba masa ido damina guda. A can ƙasa kuma aka rubuta: kada kowa ya zuba da hannunsa.

Mutumin nan ya iya karatu sarai. Sau nawa ya jingina fartanyarsa a jikin katakon, bai taɓa ɗaga kai ya karanta ba. A ganinsa domin sababbin hannu aka rubuta, shi kuwa da fartanya aka yaye shi.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai kai ga yin ido ba. Wata biyu gidansa suna cin tafasa da rama ba gari. Abin ya tsaya masa a rai, ya yi alkawari a zuciyarsa sai ya samo wa garin geron da zai riga ruwa gamawa. Ya ɗebi iri a rumbu, ya tafi da shi wata gonarsa ta jigawa can nesa da gari. Kowace kaka yakan bi kunya-kunya yana ɗaura tsumma a kan zangarniyar da ta riga 'yan'uwanta nuna, ya ware ta, baɗi ita zai shuka. Shekara bakwai yana haka, ba wanda ya sani sai matarsa.

Matar takan ce, "Maigida, ka je ka gaya wa su Gwaggo mana."

Shi kuma ya ce, "In gaya musu me? Ana kiran mutane cin tuwo tun ruwa bai tafasa ba?"

"Ba a kira. Amma akan leƙa a ga ko wani ya riga ya ɗora tukunya."

"Ke dai bari. Ranar da na sauke musu buhuna a bakin rumbu, za ki ga bakin Gwaggo a buɗe."

To, gonar nan ta jigawa da ma akwai wuta-wuta a cikinta, ciyawar nan mai fure ja-ja da ke kama saiwar gero ta tsotse shi. Da yake geronsa yana saurin nuna, yakan tsere mata, har ya daina ganinta. A nan cikin gonar yake sussuka, a ƙasa, a nan yake ɗurawa a buhu. Ƙwayar wuta-wuta kuwa ta fi ƙura ƙanƙanta.

A shekara ta bakwai, da bazara, ya ɗora buhu biyar a amalanke ya nufi rumbu. Mutanen kasuwa suka taru. Gwaggo Lidiya ta kwance bakin buhu, ta nutsa hannu, ta shinshina, ta tauna ƙwaya ɗaya da sauran haƙoranta.

Ta ce, "Kai, ɗan nan, wannan gero ya yi kyau. Daga wace gona?"

"Tawa."

"Na sani. Wacce a ciki? Me ke fitowa tare da shi? A ina ka sussuke?"

"Gwaggo, kyauta na kawo, ba ƙara ba. Me ya sa kike tsare ni da tambaya kamar alƙali? Geron nan yana riga naku nuna da kwana ashirin. A buɗe rumbu a zuba."

Ta miƙa masa ƙoƙo. "Cika wannan. Sauran ka koma da su, ka ajiye inda ba laima. In damina ta shaide shi, baɗi ni da kaina zan aiko a ɗauko."

"Shekara bakwai a ƙoƙo?"

"Gumin kakanka ma yana cikin rumbun nan, kuma ta ƙoƙo ya shiga. Ni da kake gani, sau biyu aka mayar mini da nawa. Na yi fushi, na huce, na gyara, na dawo."

Wani daga cikin taron ya ce, "Haba Gwaggo, a nemo masa babban ƙoƙo mana, ko amalanken ya rage nauyi!" Aka tuntsire da dariya.

Dariyar nan ita ta shige shi, ba maganar tsohuwa ba. Ya cika ƙoƙon ya dangwarar, ya juya amalankensa. Hanyar gida duk yana magana shi kaɗai. Su wa suka ci rama wata biyu? Wa ya ƙone bayansa a jigawa? Mutum uku da ba abin da suka iya sai zama a inuwa su ce a jira. In ruwa ya sake ɗaukewa bana fa, katako za a dafa wa yara?

Bayan kwana huɗu aka yi rasuwa a ƙauyen da ke kusa, gari ya watse zuwa jana'iza, har da masu lura da rumbu. Da rana tsaka ya koma da amalankensa. Ya kafa tsani, ya ɗaga murfin, ya juye buhu biyar ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sa doguwar sanda ya gauraya sosai, don kada a iya raba nasa da na jama'a. Rumbun babba ne, buhu biyar ba ya nunawa. Ya sauko yana jin ya yi wa garin alherin da ba su da wayon karɓa.

A makon nan ruwan shuka ya sauka. Kowa ya zo da ƙwaryarsa ya ɗiba, har mutanen ƙauyuka. Cikin kwana uku an gama shuka.

Rana ta huɗu matarsa ta dawo daga rijiya ta ce, "Maigida, na gamu da Gwaggo. Ta ce ta tankaɗe ƙoƙon nan naka kafin ta shuka, ta ga ƙwayar wuta-wuta a ƙarƙashin rariya. Ta ce kada ka damu, ba wani abu ba ne, ta wanke nata ya fita tas. Ka kawo buhunan a tankaɗe a wanke, kada ka ba kowa tukuna." Ta dubi lungun da buhunan suke a da. "Ina ka kai su?"

Ya juya ya dubi wajen rumbu. Ta aje tulu, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale.

Ya yi shiru da maganar, yana cewa ko Allah zai sa ƙwayar ta mutu a ƙasa. Gero ya tsiro, aka yi noman fari, aka yi maimai. Sai ya tsaya cak, ganye ya fara rawaya kamar an yi fari, ga shi kuwa ruwa na zuba. Bayan haka furen ya ɓullo. Gonar da ba ta taɓa sanin wuta-wuta ba tun zamanin kakanni, ta wayi gari ja-ja daga wannan iyaka zuwa waccan. Yana wucewa ya ga Damaris, wata gwauruwa mai 'ya'ya huɗu da gona ɗaya tak, tana tuge ciyawar da hannu tana tarawa, tana tugewa, wata na leƙowa a bayanta. Ta ɗago ta gaishe shi, har ta tambaye shi ko tasa gonar ta tsira.

Matarsa ta ce, "In ba ka faɗa ba, baɗi ma daga rumbun nan za su ɗiba."

Ranar da gari ya taru a kan maganar, ya miƙe ya faɗi abin da ya yi. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Da an yi ma, da ya fi masa sauƙi. Aka kwashe sauran irin da ke rumbu kaf aka kai niƙa, tun da ba mai iya raba shi. Abin da ya rage sai 'yan gorunan da masu lura ke ratayewa, kowace shekara tafi ɗaya na irin shekarar, don irin wannan rana. Daga nan aka sake farawa, kuma sai an yi damina uku kafin ya ishi gari. Wuta-wuta kuwa in ta zuba ƙwaya a gona, takan yi shekaru a kwance tana jira.

A cikin wannan daminar dai, Gwaggo Lidiya ta aika aka kira shi bayan rumbu. A gonar gwaji geronsa na tsaye, zangarniya cike, ya nuna tun na sauran mutane bai yi ido ba. Ko fure ɗaya babu a gindinsa.

Ta karyo zangarniya ta sa masa a hannu. Ta ce, "Ya ci gwajin, ɗan nan. Gaskiyarka ce, kwana ashirin cif. Da baɗi ya shiga rumbu a gaban kowa."

Ta fita kasuwa ta yi shela cewa geron nan wankakke ne, duk mai so ya zo ya yanki zangarniya ya ajiye iri. Ba wanda ya motsa. Damaris ta ce, "Gwaggo, ko a kwana uku yake nuna, ba a gonata ba." Haka geron ya tsaya a bayan rumbu har tsuntsaye suka cinye shi.

Ma'anar wannan misali ita ce, rumbun nan shi ne kowane aikin da jama'a ke ginawa tare domin kowa ya amfana. 'Ya'yanmu masu aikin kwamfuta sun san irinsa. Akwai manhajar da ake barin cikinta a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, kowa ya kawo gyara, mutane daga ƙasashe dabam-dabam da ba su taɓa ganin juna ba. Su ma suna da katakonsu a bakin ƙofa: ka karanta ƙa'ida kafin ka fara, ka faɗi abin da kake shirin yi, ka kawo gyara kaɗan-kaɗan da bayaninsa, ka bari a gwada, ka bari wani ya duba. In an mayar maka, ka gyara ka dawo. Haka yake a ƙungiyar mawaƙa, da zumuntar mata, da ginin ɗakin sujada, da cikin gida ma.

Ku lura, mutumin nan ba mugu ba ne. Ba maƙiyi ne ya lalata gonakin garin ba, mai ƙaunarsu ne, kuma geronsa na kirki ne. Wannan shi ne abin da ke da ɗaci. Wuta-wuta ita ce aibin da ka zauna da shi har ka daina ganinsa. Kowannenmu yana da tasa, kuma ba ka ganinta da idonka, sai a rariyar wani. Shi ya sa Ubangiji bai bar mu ɗaya-ɗaya ba, ya sa mu cikin 'yan'uwa. Mai duba aikinka ba raina ka ya yi ba. Yana tsaye ne a madadin irin su Damaris, waɗanda za su ɗiba ba tare da tambaya ba, domin sun amince da rumbu.

Mutumin ya iya jiran shekara bakwai shi kaɗai a jigawa, amma ya kasa jiran damina ɗaya a gaban mutane. Ashe haƙuri da aiki daban, haƙuri da gyara daban. Na farkon girman kai ma yana iya yinsa. Na biyun sai mai tawali'u.

Na san Allah mai gafara ne, kuma mutanen garin ma wataƙila sun yafe. Amma kada wani yaro ya fita daga nan yana cewa ai in na tuba shi ke nan. Gafara tana wanke mai laifi, ba ta tuge ciyawa a gonar maƙwabci. Saboda haka ran da aka miƙo maka ƙoƙo alhali kai buhu ka ɗauko, haɗiye fushinka ka cika shi. Ba kai kaɗai za ka ci abin da ka zuba ba.