Faifan Gado

A shekarar da ƙasarmu ta samu mulkin kai, babu saurayi a Agiye da ya kai Ɗantala son a gan shi. Tare muka yi lakol, wato makarantar boko, don haka ba labari aka ba ni ba. Shi ya samu aiki a buro, wato ofishin sayen gyaɗa, ni na gaji keken ɗinkin babana. Ba mugu ba ne, wallahi, ba ya zagi, ba ya cin amana, kuma yana son uwarsa. Ciwonsa guda ne: in ka ajiye masa abu biyu, babban zai ɗauka, ko da ƙaramin ne zai yi masa aiki. Agogo ma in ya saya, sai wanda ya kusa rufe masa hannu.

Ya gina ɗakin siminti mai rufin kwano, bango sumul, daɓe sumul, ba tabarma, ba labule, wai haka ya gani a gidajen Turawa a Maraɗi. A nan ya ajiye garmahonsa mai batir, ɗan ƙaramin akwatin sa faifai. Lasifikar da ta zo da shi ta yage tun da jimawa, saboda shi bai san a sa kiɗa a hankali ba.

Ɗantala yana da wa, sunansa Gado. Faransawa sun ɗauke shi soja, ya mutu a yaƙin Aljeriya. Ba gawa, ba kabari. Takarda kawai aka kawo ƙauyensu Gangara, aka karanta wa uwarsu, Inna Lami, aka naɗe aka tafi.

Da shekara ta zagayo, farkon damina, sai ga wani abokin sojan Gado mai suna Sale ya iso Agiye, riƙe da wani abu naɗe cikin rawani. Ya kwance gaban Ɗantala. Faifai ne ɗan ƙarami, mara nauyi.

Sale ya ce, "Ranar da za a haye teku da mu, akwai wani ɗan ɗaki bakin tashar jirgi, inda mutum ke shiga shi yi magana a naɗa mashi. Gado ya shiga shi kaɗai, ya rufe ƙofa. Ban ji abin da ya faɗi ba. Ya ce in bai komo ba, in kai ma Inna. Na kai mata, amma Gangara babu mai garmaho. Ta ce ka zo da naka, ta ji shi cikin ɗakinta."

Da zai tafi ya juyo, ya ƙara da cewa, "Ka kula fa. Wanga ba irin faifan kiɗa ba ne. Kwali ne aka shafa ma wani abu mai laushi. Mai naɗin ya ce duk sawa guda, allura na cin shi."

Washegari Ɗantala ya zo neman lasifika wurin Baba Usmanu, mai gyaran rediyo, wanda rumfarsa ke manne da tawa. Tsoho ne da ya yi aikin waya a bariki tun muna goye. Bai miƙa masa komai ba sai da ya tambaye shi wane ɗaki za a sa, wa kuma zai saurara. Da ya ji, sai ya ɗauko wata ƴar lasifika da ba ta wuce tafin hannu ba, ya ɗora ta bisa bakin tukunyar ƙasa, ya liƙe gefen da ƙaro, ya haɗa waya da garmahon Ɗantala. Ya sa faifan.

Ina tsaye da almakashi a hannuna. Sai muka ji murya ta fito daga tukunya, tsaf, har da numfashi: "Inna, ni ne, Gado. Ina gaishe ki..."

Baba Usmanu ya yi maza ya ɗage allurar.

Ya ce, "Ya isa. Sauran nata ne. Ɗauki tukunyar ga ka kai Gangara yau."

Ɗantala ya share hawaye, sannan ya dubi tukunyar, ya yatsina fuska. "Haba Baba! Yayana da ya haye teku, ni in sa muryarshi cikin tukunyar miya? Mi mutane za su ce?"

"Ɗana, lasifika ba girmanta ake dubi ba. Ana duba ƙarfin akwatin da zai tura ta, a duba ɗakin da za ta yi magana ciki. Akwatinka ƙarfin jaki gare shi, kada ka aza mashi kayan raƙumi. Ɗakin Inna na ƙasa ne, da tabarma, da gado, da tufafi rataye, duk suna shanye amsa-kuwwa. Naka kuwa gwangwani ne. Ko tari ka yi ciki sai ya maido ma."

"Kunnenta ya yi nauyi, Baba. Ƙara nake so."

"Mai nauyin kunne ba ƙara yake so ba. Magana yake so a fili, kusa da shi."

Ina! Ɗantala ya naɗe faifansa ya fita. Na bi shi har bakin hanya ina cewa ya ji maganar tsoho. Ya ce da ni tela ba ya sanin komai sai awon wando.

Ran Juma'a ya hau mota zuwa Maraɗi. Akwai wani Bature ɗan kasuwa da ke haɗa kaya zai koma ƙasarsu, yana sayar da lasifikoki biyu na falonsa, kowace ta kai ƙirjin mutum, katako baƙi sai sheƙi. Falon nan kuwa ya yi huɗun ɗakin Ɗantala, da darduma da labulaye masu kauri. Ɗantala bai dubi wannan ba. Ya ga girma, ya ga sheƙi, ya sa aka loda su a motar gyaɗa. Ranar da suka iso, rabin unguwa ya fito kallo, shi ko yana ta murmushi kamar an naɗa shi sarauta.

Ya haɗa su da ɗan garmahonsa, ya sa faifan Gado. Muryar ta fito a shaƙe, tana karkarwa. Ya murɗa har ƙarshe, ta koma gurnani. Ya sake sawa, haka. Ya sake. Maimakon ya gane, sai ya ce laifin akwati ne. Ya koma Maraɗi, ya sayo injin ƙara sauti na Baturen, ya haɗa da batirin mota.

To, yanzu ƙara kam ta samu. In ya sa faifan kiɗa, ganga sai ta daki ƙirjinka, kwanon rufi ya yi ta zirr, samari su taru bakin taga suna tafi. Wannan shi ya ruɗe shi. Amma da ya sa na Gado, sai magana ta daki bango ta dawo ta haɗu da wadda ke fitowa, su dagule. Ka san mutum ne ke magana, amma ba ka tsintar kalma ko guda. Kullum bayan la'asar in ya taso buro, sai ya ja wannan lasifika kusurwa, ya juya waccan ta fuskanci ƙofa, ya sa faifan. In baƙo ya zo, ya sa masa. Ni kaina ya sa mini, ban ji komai ba sai gunji, na fito da ciwon kai.

Baba Usmanu ya taka har gidan, abin da bai saba ba. Ya ɗaga faifan ga haske, ya ga baƙin ya fara yin toka-toka.

Ya ce, "Don girman Allah, Ɗantala, in gwaji za ka yi, yi da faifan kiɗa. Wanga ƙarewa yake."

Ɗantala ya ce to. Da tsoho ya ba da baya, ya ce mana ai saura kaɗan ya gano inda matsalar take.

Ita kuwa Inna Lami, duk ranar kasuwa sai ta aiko da saƙo ta bakin masu kawo wake: yaushe za ta ji ɗanta? Shi kuma ya aika mata cewa ta ƙara haƙuri, yana shirya mata abin da ba a taɓa yi wa wata uwa ba a ƙasar nan. Ya tsayar da rana, ranar bikin cika shekara guda da mulkin kai, lokacin da gari zai cika.

Ranar ya aika amalanken shanu aka ɗauko ta. Tsohuwa ta sa zanenta na saƙi, wanda ba ta ɗaurawa sai Salla. Ya zaunar da ita bisa kujera a tsakiyar ɗaki, tsakanin akwatunan nan biyu. Abokan buro sun zo, da mushen lakol, wato malamin makaranta, da jandarma biyu. Wuri ya yi kaɗan, sai ya ɗauki garmahon ya ɗora bisa ɗaya daga cikin lasifikokin. Baba Usmanu daga bakin ƙofa ya ce a sauke shi ƙasa. Babu wanda ya kula shi.

Yana sa allura, yayyafi ya fara bisa kwano. Sai ya murɗa har ƙarshe don ya rinjayi ruwan.

Innalillahi! Ɗakin ya ɗauki wani irin kuka. Akwatin da garmaho ke bisansa ya hau rawa, allura ta yi tsalle, ta faɗa, ta yi tsalle, sannan ta ja ƙiiii daga gefen faifan har tsakiya. Inna Lami ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

Ta ce, "Ɗantala, kashe abin ga. Wanga ba ɗana ba ne."

Baƙi suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ita kuma ko ruwa ba ta sha ba, ta ce a mai da ita gida.

Da safe Ɗantala ya zo rumfar Baba Usmanu, ya durƙusa, ba agogo, ba takalmi mai sheƙi. Tsoho ya miƙe. Ya ɗauko tukunyar daga inda ya ajiye ta, ya kaɗe ƙura. Muka tafi Gangara mu uku.

Ɗakin Inna ya yi daidai da yadda tsoho ya faɗa. Ƙasa, tabarma, shiru. Aka ajiye garmaho a ƙasa, aka sa tukunya kusa da ita. Baba Usmanu ya dubi faifan, ya ga ya yi fari fat, ga tsaga ta ratsa shi. Ya yi bisimilla, ya sauke allura a hankali.

Shuuu kawai muka ji, da ƙas, ƙas, duk lokacin da allura ta haye tsagar. Can ƙarƙashi akwai wani abu kamar mutum na magana a bayan katanga uku. Inna ta matso, ta kafa kunnenta a bakin tukunya. Ba ta motsa ba har faifan ya kai ƙarshe. Tukunyar ba ta yi laifi ba, abin da aka bar mata shi ta fitar.

Ta ɗago kai, ta dubi ɗanta. "An ce mani kullum kana sa shi."

"Haka ne, Inna."

"To, kai da ka ji shi, mi ya ce mani?"

Ɗantala ya sunkuyar da kai. "Ya ce shi ne, Gado. Ya ce yana gaishe ki."

"Sai kuma mi?"

Na so ƙasa ta tsage in shige, ni da ba ni na yi ba. Wata biyu yana sa faifan nan, amma duk abin da ya taɓa ji shi ne ƴan kalmomin da tukunya ta ba shi ranar farko.

Inna ta ce, "Abin ga ya daɗe yana juyawa, Ɗantala. Ba gaisuwa kaɗai ke ciki ba."

Ta miƙa hannu, ta cire faifan da kanta, ta naɗe shi a gefen zanenta. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba, kuma ba ta sake tada maganar ba. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Kafin wata damina ta zagayo, Allah ya yi mata rasuwa, aka samu faifan a ƙarƙashin matashinta.

Ɗantala bai sake sa kiɗa ba. Lasifikokin suna nan a ɗakin har gara ta cinye su. Mun tsufa tare, kuma har ya mutu, in muka zauna hira ta yi nisa, sai ya juyo ya ce da ni, "Kai ma kana wurin ranar. Ka tabbata ba ka ji wani abu bayan gaisuwar ba?" Ni kuwa ban ji ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Kafin ka zaɓi abu, dubi wanda za a yi wa, dubi ƙarfin abin da kake da shi, dubi wurin da za ka ajiye. Abin da ya dace da falon wani ba lalle ya dace da ɗakinka ba, kuma ƙara ba ita ce ji ba. In wanda ya san aiki ya ba ka shawara, kada ka raina ta don ta zo cikin tukunya. Mafi girma duka, in aka damƙa maka amanar da ba ta da madadi, kai ta ga mai ita tun tana da rai a jikinta, kada ka tsaya neman yabon ƴan kallo. Ƴan kallon Ɗantala sun koma gidajensu tun kafin ruwa ya ɗauke, uwarsa kuwa ta tafi kabari ba ta san abin da ɗanta ya ce mata ba.