Goron da Tunau Ya Ajiye

An ce wai a wani zamani da ya shuɗe, a garin Kwarin Gawo, an yi wata unguwar manoma mai wata al'ada da ban taɓa jin irinta a wani wuri ba. Kullum bayan sallar magariba magidanta sukan fito da akusansu ƙofar gidan wani dattijo mai suna Baba Tunau, a haɗa tuwon kowane gida a yi ciyayya. Amma ba mai sa hannu a akushi sai an zaga, kowa ya faɗi wani alheri da ya same shi a ranar. Mutum zai ce, "Albishirinku!" a amsa masa, "Goro!" sannan ya faɗa. Ba sai babban abu ba. Wani ya ce akuyarsa ta haifi biyu, wani ya ce haƙorin da ya hana shi sakat ya lafa, wani ya ce 'yarsa ta fara tafiya. Sai a yi hamdala, a yi masa barka, Baba Tunau ya ɓantari goro ya miƙa masa.

A cikinsu akwai wani mai suna Korau. Manomi ne na gaske, ba a kushe hannunsa, sai dai Allah ya jarrabe shi da tsoron bakin mutane. A ganinsa duk abin da aka yaba ya gama yawo. Saboda haka in zagaye ya zo kansa sai ya ɓata fuska ya ce, "Ni dai ku tsallake ni, yau ma babu." Daga nan ya shiga kukan ƙugu da tsadar gishiri, har tuwo ya huce. In matarsa ta yi masa magana sai ya ce da ita ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Korau yana da wata gona nesa da gari, wadda ya gada ta wajen uwa, kusa da gidan wani abokinsa Jatau. Gonar nan kowace shekara sai ta ba shi gero har ya rasa inda zai sa. Ya gina rumbu a bayan gidan Jatau yana zubawa, ya dawo gida da jaki ba kaya, ya ce tsuntsaye sun cinye. Maƙwabta su yi masa jaje. Da yake sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowace kaka sai kowane gida ya ɗauko dami guda a kai masa. Shi kuwa ya karɓa. Don kada rumbunsa na gida ya cika a gane, sai ya ɗora wasu a jaki ya ce zai sayar ya sayi kayan miya, ya wuce da su can wajen Jatau.

Baba Tunau abokin mahaifin Korau ne, kuma abin yana damunsa. Wata rana ya ce masa a gaban jama'a, "Ɗana, ai ko wannan numfashin da kake yi albishir ne. Amma ba na matsa maka. Ga farin goro nan na ware, naka ne. Ba mai cinsa sai ranar da ka ce mana albishirinku." Ya naɗe goron a ganye ya sa a aljihu. In ya fara yaushi sai tsohon ya canza shi da sabo, a haka shekaru suka wuce.

Sai aka yi wata shekara ruwan sama ya ɗauke, gero yana cikin bunni bai kai ga yin ido ba, aka tashi ba komai. Tuwon ciyayya ya koma kunu, kunun ma ya tsinke, amma ba a daina albishir ba. Baba Tunau, wanda duk da tsufansa bai taɓa fasa kai wa Korau daminsa ba, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa, yana cewa, "Albishirinku, yau jikokina sun kwana ba kuka." Korau yana ji, ya kuma san abin da ke rumbunsa. Sau da yawa ya yi niyyar ɗebowa, sai ya tuna ba shi da amsar da zai bayar in an ce daga ina. Yana ta jinkiri har zazzaɓi ya kwantar da tsohon, ya riske shi ba ƙarfi, ya tafi da shi. Ba na ce yunwa ta kashe Baba Tunau ba, ajali ne. Amma ajalin ya same shi da ciki wayam, alhali damin da ya ɗaure da hannunsa yana ajiye a rumbun wani.

Da yunwar ta shigo gidan Korau kansa, 'ya'yansa suka fara kuka, sai ya kama jaki ya nufi gidan Jatau, ya ce ya zo ɗibar gero a rumbunsa. Jatau ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wane rumbu? Kai da duk duniya ta sani gonarka ba ta taɓa yin abin kirki ba? Rumbun nan nawa ne, gumina ne."

Korau ya kai ƙara gaban Alƙali Mamuda, wani malami mai sanyin magana da ba ya gaggawar hukunci. Alƙali ya ce ya kawo shaidu. Wa zai kawo? Sai maƙwabtansa. Babbansu a lokacin, wani mai suna Nomau, ya ce, "Allah ya gafarta malam, muna son Korau, amma ba za mu yi shaidar zur ba. Da bakinsa yake gaya mana kowace shekara tsuntsaye sun cinye. Ai shi ya sa muke haɗa masa dami."

Shari'a ta tsaya a wuri mai wuya. Kaya yana hannun Jatau, mai ƙara ba shi da shaida, abin da ya rage a ba Jatau rantsuwa ya tafi da rumbu. Har ya yi alwala yana jira. Alƙali kuwa ya lura mai gaskiya ba ya ɗokin rantsuwa haka, amma zato ba ya zama hukunci. Ya shafa gemu, maganar Nomau ta ƙarshe tana masa yawo a rai. Can ya juya ga Jatau.

"Geron da ke rumbun nan, akwai wanda ka saya ko aka ba ka?"

"Ko zangarniya ɗaya, Allah ya gafarta malam. Ni da 'ya'yana muka yanka, mu muka ɗaure."

"Jama'a kun ji," in ji alƙali. Sannan ya dubi Korau. "Kai kuma, sadakar da maƙwabtanka suke kawo maka, duk kun cinye ta? Ka yi tunani kafin ka amsa. In ka ce kun cinye, na ba Jatau rantsuwa, magana ta ƙare. In kuwa akwai sauranta a wani wuri, to, tana iya yi maka shaidar da bakinka ya hana mutane su yi maka."

Korau ya fahimci inda aka dosa. Ko ya rufa wa kansa asiri 'ya'yansa su kwana da yunwa, ko ya ceci geronsa ya tsiraita kansa a gaban waɗanda ya yaudara. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tana cikin rumbun." Ba wanda ya tsawata masa. Nomau dai ya ce, "Haba, Korau," ya kau da fuska, kuma wannan ta fi masa duka zafi.

Aka ɗunguma gidan Jatau, alƙali ya sa aka buɗe rumbu ana fito da dami ɗaya bayan ɗaya. Kowane manomi ya san ɗaurinsa kamar yadda ya san fuskar ɗansa. Wannan ya ce ga nawa, wancan ya ce ga igiyar ramata. Sai aka fito da waɗansu da aka ɗaure da kaba, ƙullin ya juya ta hagu. Kowa ya gane ɗaurin, don duk unguwar bahago ɗaya ne, shi ne marigayi Baba Tunau. Alƙali ya sa aka kawo Inna Yelwa, matar Baba Tunau, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba. Ta durƙusa ta shafa ƙullin ta ce, "Hannun Malam ne. Wannan na bara ne, ina cewa ya bar mana, ya ce yaron nan ya fi mu buƙata."

Alƙali Mamuda ya ce, "Jatau, ka ce ba a ba ka ba, ba ka saya ba, ga kuma ɗaurin mutanen da ba su taɓa taka gidanka ba. Rumbu na Korau ne, hukuncin cin amanarka yana nan tafe. Kai kuwa Korau, kowane dami na sadaka ya koma ga mai shi, don an ba matalauci ne, kai kuma ba shi ba ne. Ka ji tsoron baki ka ɓoye ni'imar Allah, har ranar da ka nemi bakin da zai ce taka ce ka rasa. Da ka yi albishir ko sau ɗaya, da unguwa guda ce shaidarka. Na ɗora maka, muddin mutanen nan sun yarda ka zauna cikinsu, kada rana ta faɗi ba ka ambaci alheri guda a gabansu ba."

Maƙwabta ba su kore shi ba, mutanen kirki ne. Washegari ya sa aka yi tuwo daga geron, aka fito da akusa har ƙofar gidan marigayi, inda ba a fasa taruwa ba. Da zagaye ya zo kansa, ya buɗe baki ya ce, "Albishirinku." Nomau ya amsa, "Goro." Korau ya ce, "Yau 'ya'yana sun ƙoshi, kuma ba ku tashi kun bar ni ba."

Sai Inna Yelwa ta leƙo daga zaure ta ce, "Korau, zo." Ya je ya durƙusa ya ce, "Ga ni, Inna." Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani busasshen ganye, a ciki ga goro ya ƙanƙance ya yi baƙi, ya taurare kamar tsakuwa. Ta ce, "A aljihun rigarsa na same shi. Ya ce in ajiye maka, ranar tana nan zuwa. Ka yi haƙuri, ni ban iya canza shi kamar yadda yake yi ba."

Korau ya karɓa hannu biyu, ya zauna nan ƙasa ya yi kuka irin wanda ba a saba gani ga magidanci ba. An ce har ya tsufa bai sake tsallake zagaye ba, shi ne ma ya gaji rabon goron. Amma duk sanda ya ce albishirinku sai ya dubi gurbin da tsohon yake zama, don kunnen da ya fi son jin kalmar ba ya nan.

Shi ya sa dattawan Kwarin Gawo suke cewa, alherin da ka ɓoye ba shi da mai tsaronsa, kuma godiya goro ce, in ba a ci ta da ɗanyenta ba, ranar da aka tashi ci haƙori ba ya kama ta.