Kujerar Baba Ja'afaru

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar Surajo makanike, a Harra ta Gabas cikin birnin Madina, ya san abu biyu ko bai tambaya ba. Na farko, ba a taɓa ƙera mota mai gudun Bontiyak ɗinsa ba. Na biyu, ba a taɓa haihuwar ɗa mai biyayya irinsa ba. Surajo gwani ne, in ya kasa kunne ga inji sau ɗaya zai gaya maka ciwonsa. Aibinsa guda ne: yana son a ce shi ne gaba, kuma in gaskiya ta zo masa a gajere sai ya ƙara mata tsawo.

Yakan ce in ya taka motar nan, inuwarta sai ta yi minti biyu kafin ta iso inda ya tsaya. Yakan ce ran da ya fara tayar da ita, dabino ya zube a gonakin Ƙuba ba wanda ya hau, har masu gona suka aiko da godiya. In an gama dariya sai ya sassauta murya, ya shafa gemu, ya ce, "Amma duk wannan wasa ne. Abin da nake godiya ga Allah a kansa, mahaifina a kan kujerar motata ya cika, ranar Asabar, da shirin Ƙuba a jikinsa."

Nan majalisa takan ɗaga hannu. A yi wa mamaci addu'a, a sa wa ɗa albarka. To, ga yadda abin ya faru.

Mahaifin nasa, Baba Ja'afaru, ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa tun yana saurayi. Ya yi shekara bakwai a hanya, yana noman auduga a Sudan yana matsawa gaba, har ya tsallaka teku ya zauna a Madina yana ɗinki. Tun daga nan ya ɗauki wata al'ada: kowace Asabar bayan asuba zai yi alwala a gida, ya sa farar riga, ya taka zuwa Masallacin Ƙuba ya yi nafila. Shekara arba'in yana haka, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji.

A shekarar 1979 Surajo ya dawo daga Jidda da wata tsohuwar motar Amurka, baƙa wuluk, mai ƙofa biyu da dogon hanci, ta yi shekara goma a duniya. 'Yan ƙasa suna ce mata Bontiyak, dattawa suna cewa Fontiyak, Baba Ja'afaru kuwa ya raɗa mata Taguwa. Surajo ya ce don tsohon ya saye ta, kuma a lokacin gaskiya ya faɗa. Shekara uku cur, kowace Asabar Baba yana gaba da sandarsa tsakanin gwiwoyi, Innayatu yayar Surajo, wadda ke kula da tsohon, tana baya, ana tafiya sannu-sannu kamar an ɗauko ƙwai.

Wata Asabar suna dawowa, wani matashi ɗan unguwar Al-Azizya mai suna Abdulrauf ya tsaya kusa da su a mararraba cikin jar mota Kamaro. Ya leƙo, ya dubi motar, ya dubi tsohon, ya tambayi Surajo da Larabci ko asibiti ne ya ba shi aron motar ɗaukar tsofaffi. Kafin Surajo ya haɗa amsa, jar mota ta bar musu hayaƙi. Baba ya yi dariya har da tari. Surajo bai yi ba.

A lokacin akwai wani sabon titi a bayan gari da ba a buɗe ba tukuna. Nan matasa ke tsere: mota biyu su jeru, wani ya jefar da mayafin kansa, a fizga daga wannan ganga zuwa waccan. Surajo ya je ya gani, ya dawo ya shiga warsharsa, wato garejinsa, da wata irin zuciya.

Ya cire kafireton Taguwa ya sa babba mai baki huɗu. Ya yar da salansa ya ja mata manyan bututu, har in ta yi gurnani kajin maƙwabta su daina ƙwai. Ya sa mata tayoyin baya masu faɗin faifai. Da ya gwada ta sai ya ga gudu ya samu, amma in ya sha kwana tana kwanciya gefe kamar jirgin ruwa a Bahar Maliya. Sai ya sauya mata sifirin masu tsauri da sababbin shok, ya ɗaura wani ƙarfe a ƙarƙashi mai hana ta karkata, ya sauke ta ƙasa-ƙasa, ya gyara birki. A faɗi gaskiya, aiki ya yi kyau. Mota ta kama titi kamar ƙadangare a bango.

Sai dai lungun gidansu duk baƙaƙen duwatsun Harra ne, kuma motar da aka sauke ƙasa ba ta shiga ba tare da ta bar cikinta a can ba. Dole Baba ya riƙa takowa zuwa bakin titi, Innayatu tana riƙe da shi. In ya shiga kuma, ko tsakuwa aka taka sai ya ji ta a ƙashin bayansa. Ya ce raƙumin da ya hau a Sudan ya fi wannan tausayi, ga shi bai da surutu. 

Daga nan Surajo ya shiga yaƙi da nauyi. Tayar safaya ta fita. Kujerar baya ta fita, Innayatu ta zauna a gida. Wata Alhamis ya tsaya yana kallon kujerar gaba, ta Baba, mai kauri da baƙar fata, yana auna ta da ido. Noti huɗu ne ke riƙe da ita. Ya kwance, ya ɗoro ta a ka har gida, ya ajiye a soro kusa da ƙofa, ya zuba notin a hannun tsohon.

"Abuya, riƙe mini waɗannan kada su ɓata. Asabar ɗaya ce kawai, in na gama da yaron nan zan mayar."

Baba ya shafa fatar kujerar, ya zauna a kai, ya gyara zama. Ya ce, "To madalla. Ka kawo mini kujerar, saura motar."

Asabar ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama tara. Yau fistin ne ba a kawo daga Jidda ba, gobe giyar motar ce ke kuka, jibi Abdulrauf ne ya yi tafiya. Surajo yana da kalma guda ta Larabci da yake kashe kowace magana da ita: bukra, wato gobe. Kowace Asabar kuwa Baba zai yi alwala, ya sa farar riga, ya zauna a kan kujerar nan a soro yana fuskantar ƙofa. In rana ta ɗaga sai ya tuɓe rigar, ya ba Innayatu ta ninke.

Ba wai an rasa mota a Madina ba ne. Innayatu ta ce a kira tasi, ya ƙi. Maƙwabcinsu Balarabe ya ce ga a-kori-kurarsa a bakin titi, ya yi masa godiya ya ƙi. Da Innayatu ta matsa masa sai ya ce, "Duk unguwar nan an san Surajo ke kai ni. In aka gan ni a motar wani, me za a ce a kan ɗana?"

Ta samu Surajo a tsakar gida yana wanke hannu da kananzir, ta ce masa noti huɗu ne fa, ba ginin masallaci ba ne.

Ya ce, "Yaya, ke ba ki san mota ba."

Ta ce, "Na san tsoho."

Aka sa tsere ranar wata Juma'a bayan la'asar. Da rana, a kan kwanon abinci, Surajo ya kama hannun mahaifinsa ya rantse cewa gobe za su Ƙuba ko ana ruwan duwatsu. Tsohon ya sa Innayatu ta goge farar rigar sau biyu, ta turara ta.

Aka jefar da mayafi, motoci suka fizga, Abdulrauf ya riga Surajo isa ganga da tsawon hancin mota. Surajo ya fito yana cewa zafin rana ne, injinsa sanyin safe yake so, in Abdulrauf namiji ne a sake gobe bayan asuba kafin ma'aikatan titi su zo. Sai da maganar ta fita daga bakinsa ya tuna gobe Asabar. Ya tsaya ya yi lissafi. Tseren duka bai kai ɗaurin rawani ba. Zai ci, ya dawo kafin hantsi, ya ɗaura kujera, su tafi. Lissafin ya yi masa daidai ƙwarai, kamar yadda lissafin mai son zuciya ya saba yi.

Da asuba ya wuce ta soro da sufana a aljihu. Baba yana kan kujera, ya yi fes, soro duk ƙamshi. Surajo ya ce, "Yanzu zan dawo, Abuya." Tsohon ya ɗaga masa hannu.

Abdulrauf ya makara. Da ya zo aka yi gardamar wanda zai jefa mayafi. Da aka gama wannan, kafireto ya shaƙe, sai da aka buɗe aka hura. Aka jeru, aka fizga, Taguwa ta yi wani kuka, ta bar jar Kamaro a baya da tsawon mota guda. Surajo ya ci. Aka ɗaga shi sama, aka kawo shayi, kowa yana son ya leƙa cikin inji, shi kuma yana bayani, ga kafireto, ga sifirin, ga ƙarfen ƙasa. Bai taɓa jin daɗin bakinsa irin na ranar ba. Da ya ɗaga kai, rana ta take tsaka.

Ya ajiye mota a bakin titi, ya shiga lungu da sauri, yana shirya yadda zai ba da labari. Sai ya hango takalma a ƙofar gida, da yawa, na maza. Balarabe ya tare shi ya riƙe masa kafaɗa. A soro kujerar tana nan inda take, ba kowa a kai, sandar tsohon jingine a jikinta.

Innayatu ce ta gaya masa, ba ta ko dube shi ba. Ta ce sau biyu Baba ya tambaye ta ko ta ji gurnanin Taguwa, domin kunnensa ya yi nauyi. Ya ce in ta ji ta miƙo masa sandarsa, kada ya sa yaron jira. Da ta kawo masa ruwa da hantsi ta yi magana, bai amsa ba.

A zaman makoki wani baƙo ya tambayi inda rai ya yi halinsa. Surajo ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "A kan kujerar motata." Baƙon ya ce Allahu Akbar, ɗa na gari ke nan, kana hanyar kai shi Ƙuba ashe. Surajo ya sunkuyar da kai bai gyara ba. Waɗanda suka sani ma suka bar maganar haka don kunya. Tun daga ranar bai sake tsere ba, ya lulluɓe Taguwa da tamfol a ƙuryar warsha. Amma labarin bai lulluɓe ba. Ya gano cewa duk sanda ya faɗa aka sa masa albarka, yakan samu kamar rabin yini da shi ma yake yarda haka aka yi.

Bayan shekara shida ya gayyato wasu sababbin ɗaliban Jami'ar Musulunci 'yan Nijeriya cin abincin rana, cikinsu har da wani mai ladabi, Shittu. Aka ci aka sha, Surajo ya saki inuwar mota, ya zubar da dabinon Ƙuba, ya iso kan mahaifinsa. Ranar baki ya yi masa daɗi har ya ƙara sabon gini. Ya ce suna hango hasumiyar masallaci tsohon ya kama hannunsa a kan giyar mota, ya ce na yafe maka duniya da lahira. Shittu ya share ƙwalla, ya ce irin wannan labari ya kamata a riƙa gaya wa yara a gida.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Innayatu ce ta kawo shayi, tana bayan labule. Ta yi wa baƙi sannu, sa'an nan ta ce, "Surajo, ka faɗa musu kujerar motarka ce, wannan gaskiya ne. Ka faɗa musu ina motar take a lokacin?"

 Ta turo tiren ta ƙarƙashin labule. Kusa da kofuna akwai wani ɗan ƙullin farin ƙyalle. Ta ce, "A aljihun rigarsa na same su. Ka ce ya riƙe maka kada su ɓata. Ba su ɓata ba."

Surajo ya kwance ƙullin. Noti huɗu ne. Ya juya su a tafin hannunsa. Shayin ya huce a gabansu ba wanda ya zuba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, son a ce kai ne gaba yakan sa mutum ya riƙa sauke nauyi don ya ƙara gudu, har ya sauke wanda don shi aka fara tafiyar. Alkawarin da ka yi wa tsoho ba a ɗaga shi zuwa gobe, domin ba kai ke riƙe da gobensa ba. In kuwa ka riga ka yi sake, to ka faɗi abin yadda ya faru ka nemi gafarar Allah. Maganar da kowace kalmarta gaskiya ce amma aka jera ta don a ruɗi mai ji, ƙarya ce, kuma akwai wanda yake wurin ranar, yana riƙe da shaidarsa.