Direban da Ya Kashe Fitilar Juyen Mai

An yi wani maigida, manomin citta, wanda Ubangiji ya sa wa aikinsa albarka har ya sayi a-kori-kura biyu rana ɗaya, iri ɗaya, launi ɗaya. Ya ɗauki direbobi biyu, Irmiya da Barnaba. Barnaba ya sami hanyar birni, kwalta shimfiɗe, yana kai busasshiyar citta kasuwa. Irmiya kuwa hanyar gona aka ba shi: burji da duwatsu, rafi biyu ba gada, da wani hawa da mota take yi da giya ta ɗaya tana nishi.

A gaban sitiyarin kowace mota akwai wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa, wadda take kamawa in lokacin juyen baƙin mai ya yi. Maigida ya kai motocin wurin tsohon makanikinsa, suka yi shawara, aka saita ta Barnaba a kan kilomita dubu bakwai, ta Irmiya a kan dubu uku. Ya ce musu, "Duk ranar da ta kama, ku zo gareji. Kada ku bari sai gobe."

Shekara biyu Irmiya yana bin wannan magana, bai taɓa fashi ba. Sai labari ya bazu cewa maigida zai sayi babbar mota, ɗaya daga cikin direbobin kuma shi zai riƙe ta. Tun daga ranar Irmiya ya fara ganin abin da bai taɓa damunsa ba. Kafin Barnaba ya leƙa gareji sau ɗaya, shi ya je sau biyu, wani lokaci har ya fara shirin na uku.

Wata rana yana tsugune a gareji, ana tsiyaye man motarsa cikin wani tsohon kwano, sai ga Barnaba ya zo wucewa da farar rigarsa tas. Ya rage gudu, ya leƙo ta taga.

"Ɗan'uwa, yau ma an kwantar da ku asibiti?"

Barnaba ba mugu ba ne, bakinsa ne kawai ba ya zama shiru. Amma 'yan gareji suka kwashe da dariya, Irmiya ya taya su da dariyar yaƙe. Kishi ya shige shi, ya sami wuri ya zauna. Ya ce a ransa, "Mota iri ɗaya, rana ɗaya aka saye su. Shi an yarda da shi har dubu bakwai, ni an tsayar da ni a dubu uku kamar ɗan koyo. Wa zai ba da babbar mota ga wanda kullum yana gareji?" Ga maigida a gida kowace safiya, yana amsa gaisuwarsa, amma bai taɓa tambayarsa dalili ba. Ya gwammace ya tambayi zuciyarsa, ita kuwa ta riga ta ɓaci.

Irmiya ya sha ganin yadda makaniki yake danne wani maɓalli bayan juye, fitilar ta mutu. Da ta sake kamawa, sai ya tsaya a gindin wata ɗorawa, ya waiga dama da hagu, ya danne maɓallin da kansa. Fitila ta mutu, mota ta tashi lafiya lau. Ya ce, "Ashe dama tsoratarwa ce."

Ta kama karo na biyu, ya sake kashe ta. Ya kai dubu bakwai na Barnaba, amma bai tsaya ba, gama yanzu so yake ya wuce shi. Da makaniki ya gamu da shi a kasuwa ya ce, "Irmiya, kwana biyu ba mu gan ka ba," sai kansa ya ƙara girma. Muryar injin ta soma canjawa, tana ƙara kauri, shi kuwa ya ƙara wa rediyo murya.

Ana tsakiyar haƙar citta, ya ɗauko buhu talatin daga gona. Da ya kai rabin hawan nan, injin ya yi wata ƙara kamar ana dukan tukunya da muciya, ya buga, ya yi shiru. Irmiya ya sa dutse a bayan taya, ya zauna a kan wani buhu.

Maigida ya iso a kan babur tare da makaniki. Bai yi faɗa ba. Ya buɗe gaban motar, ya zaro sandar gwajin mai, ya murza abin da ya biyo ta tsakanin yatsunsa. Baƙi ƙirin ne, ya yi danƙo, ga yashi a ciki.

"Irmiya, fitilar ce ba ta kama ba?"

"Ta kama, Baba. Sau biyu."

"Me ya hana ka zuwa?"

Irmiya ya sunkuyar da kai. "Na ga ta Barnaba ba ta kamawa sai an daɗe. Na ɗauka ka fi yarda da shi."

Maigida ya goge yatsunsa da ciyawa. Ya ce, "Barnaba ba ya tsallake rafi, ba ya hawan dutse da kaya. Hanyarka na duba na auna maka dubu uku, kuma hanyar nan na ba ka ita ne domin ba kowa zan ba ba. Babbar motar ma hanyar gona za ta bi. Tun wata biyu da suka wuce na yanke cewa kai za ka riƙe ta, domin makaniki ya shaida mini ba ka taɓa makara ba."

Irmiya ya ce, "Yanzu fa, Baba?"

"Yanzu Barnaba zai koyi hanyar gona. Kai kuma za ka zauna a gareji, ka taya makaniki sauke wannan inji har ya tashi. Ban kore ka ba."

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Maigida shi ne Ubangiji, hanya kuwa rayuwar da ya ba kowannenmu. Fitilar ita ce muryar Ruhunsa a cikin lamirinmu, wadda take cewa ka dawo, ka tuba, ka yi addu'a, ka huta, ka nemi taimako. Bai saita ta daidai wa kowa ba. Gwauruwar da take goyon marayu huɗu, da mutumin da ya bar burkutu bara, da mai saurin fushi da ke zaune da maƙwabci mai tsokana, tasu za ta fi yawan kamawa. Wannan ba abin kunya ba ne, nauyin hanya ne, Ubangiji kuma ya san da shi.

Na san akwai waɗanda suka daina fitowa gaba a yi musu addu'a, domin sun ga dattijon da ke kusa da su bai taɓa fitowa ba. Akwai wadda ta daina zuwa wurin matar fasto da damuwarta, don kada zumuntar mata su ce ta cika zuwa. Ba ka san hanyar da dattijon yake bi ba, ba kuma aka ce ka sani ba. Kashe fitila ba wuya, yatsa ɗaya ya isa, mutane ma za su yaba maka cewa ka yi ƙarfi. Amma man da yake cikinka yana nan yadda yake, kuma gobe da safe akwai hawa a gabanka.